Sunan da Ya Yi wa Rajista

Ɗana na fari ne, saboda haka ban taɓa kiran sunansa ba. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi a Daura. Sunan malamin mahaifinsa ya ci, ni kuma tun yana goye nake ce masa Mai Sunan Malam. Ba mai kiransa haka sai ni.

Gyaran waya yake yi a garin Kongolam da ke bakin iyaka, yana kuma buɗe wa fataken dabbobi shafi a intanet don su riƙa sa hotunan ragunansu. Wata rana ya dawo da wuri, ya same ni a tsakar gida ina tsince wake. Ya kifa turmi ya zauna, da kwamfuta a cinya.

"Inna, yau zan yi wa shafina suna, irin wanda ba a ƙwacewa."

"Da ma akwai wanda ake ƙwacewa?"

Ya ce akwai. Sunan shafi kamar rumfar haya ne a kasuwa, idan ba ka sabunta ba sai a ba wani. Amma an samu wata hanya, bulokcen ake ce mata, wadda ba kamfani ɗaya ne yake riƙe da rajistar ba. Kwamfutoci ne barjat a ƙasashe daban-daban, kowace ta rubuta cewa wannan suna na wane ne, tun rana kaza, lokaci kaza. Idan ɗaya ta canza magana, sauran su ƙaryata ta.

Na ce, "Kamar shaidun ɗaurin aure ke nan."

"Su waɗannan ba sa tsufa, Inna, ba sa mantuwa."

Ya buga sunansa na yanka, ya tarar wani ya riga shi. Ya haɗa da na mahaifinsa, shi ma an kama. Sai ya fara tsokanata.

"To ki kira sunan nawa mana, ko da a hankali, wataƙila ya buɗe."

"Tashi min daga turmi, marar kunya."

Bai tashi ba. Ya yi 'yan danne-danne, ya juyo min kwamfutar. Karatuna na firamare ne, amma na haɗa baƙaƙen. Sunan da nake kiransa ne, a manne ba tazara. Ya ce wannan kam duk duniya babu mai shi sai shi. Na ce fatake za su yi masa dariya. Na ci gaba da tsintar wakena, ban ɗago ba, don kada ya ga fuskata.

Da damina ta kama ya kwanta zazzaɓi. Bai tashi ba.

Bayan an share makoki na riƙa kiran layinsa. Na san a kashe yake, ina dai son ganin kiran yana tafiya. Watanni suka wuce, ran nan sai aka ɗauka. Wata mata ce, ana jin kukan jariri kusa da ita. Ta ce sabon layi ne, saya ta yi. Na ba ta haƙuri, ita ma ta ba ni. Daga nan tsoro ya kama ni. Idan an iya ba wani layinsa, me zai hana a ba wani sunan? Na riƙa hango wani baƙo yana tallar takalma da shi.

Na daɗe ina juya abin kafin na gaya wa ƙanwarsa, wadda take karatun jinya. Ta zauna kusa da ni ta nema a wayarta.

"Ga shi nan, Inna. Har yanzu na Yaya ne."

"Ba za a ba wani ba?"

Ta yi karatu a ƙasan shafin, ta ce irin wanda ba ya ƙarewa ya yi. Ba mai iya sayar da shi ko goge shi sai mai makullin, makullin kuwa wasu kalmomi ne da Yaya bai gaya wa kowa ba.

Na ce to ta ƙara "marigayi" a gaba, ta sa "Allah ya jiƙansa" a ƙarshe, kamar yadda ake yi wa kowa. Ta sake duba wayar. Sannan ta ce shi ma ba zai yiwu ba. Abin da ya hana baƙo taɓawa shi ne ya hana mu. Wannan ya yi min nauyi, domin ban saba jin an ambaci mamaci ba addu'a ba.

Ta karanta min rana da lokacin da aka yi rajistar. Na ce ranar daidai ce, amma lokacin ba haka ba ne, an riga an idar da la'asar, inuwar katanga ta iso wurin da nake zaune. Ta duba, ta ce agogon wata ƙasa suke bi, namu yana gaba da awa ɗaya. Ta lissafa, ya faɗa daidai.

Na karɓi wayar na riƙe. Sunan yana nan yadda ya rubuta shi, na mai rai. Na yi masa addu'ar da bakina, ita ta amsa da amin. Na ce ta koya min inda ake dannawa, don kada kullum sai na jira ta dawo daga makaranta.