Rabon Buba na Nono

Ranar da Ardo ya zo ɗaukar jikansa ba za ta fita raina ba. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar jinya a wani asibitin karkara kusa da Illo. Sama da ni akwai incaji, wato shugaban asibitin, mutum mai gudun rigima.

Jaririn, Buba, uwarsa ta rasu wajen haihuwa, aka riƙa ba shi nonon shanu. An kawo mana shi da ƙuraje da amai, ga jini a kashinsa. Likita a Bagudo ya ce jikinsa ba ya karɓar nonon saniya, ya rubuta masa madarar gwangwani ta musamman, mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gyara hanji. Yaro ya fara murmurewa, sai kuma ƙuraje suka dawo. Na sa ido har na kama kakarsa tana ɗiga masa nono a ɓoye, wai kada ya manta asalinsa. Na ƙwace goran nonon.

Washegari sai ga Ardo da sandarsa.

"Malama, wanga jikan mai shanu na. Ina kika taɓa jin nono ya cuci Bafillace? Miƙo shi mu tai gida."

Incaji ya ja ni gefe. "Sista, sallame shi. Ba mu ja da Ardo."

Na ce, "Oga, sai dai ka sallame shi da kanka. Ni ban yi."

Na yaye zanen yaron, na juya bayansa ga Ardo. "Baffa, duba da kyau. Bana kunka rufe uwatai. In ka tai da shi yau, ku gina wani ramin kusa da nata."

Ya daɗe yana kallon ƙurajen, sannan ya fita ya bar yaron. Na ɗauka aikina ya ƙare, korata za a yi.

Ku ma'aikatan jinya da kuke tasowa, ku sani mutanen nan ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba, kunyar a ce ɗan mai shanu ba ya shan nono ce ke cinsu. A aikinmu akwai ranar da dole ki yarda a ji haushinki, in dai yaro zai kwana da rai.

Buba yana nan yana gudu. Ardo bai taɓa yi mini godiya ba. Amma duk ranar kasuwar Lolo sai kakar nan ta dire mini ƙwaryar nono a bakin ƙofa, ta ce, "Ardo ya ce rabon Buba na. Ki sha mishi."