Layar Wuyan Kwalli

Ƙawata Hansatu, ajiye abin da ke hannunki ki karanta wannan. Masu bibiyata, ku ma ku matso.

Wata rana wata baiwar Allah, mu kira ta Inna Barira, ta fito daga alwalar la'asar ta tarar da ƙofar falonta a buɗe. Mai gyaran famfo ya gama aikinsa ya tafi, bai ja ƙofar ba.

Ta duba kan kujera. Babu Kwalli.

Ta leƙa bayan firij, ta durƙusa ta haska ƙarƙashin gado. Shiru.

Kwalli mage ce, baƙa wuluk, ta 'yarta Rumasa'u. Tun tana 'yar mitsitsiya yarinyar ta tsince ta, ta raine ta da madara a cokali. Magen ɗaka ce, ba ta taɓa taka titi ba. Da Rumasa'u za ta tafi hidimar ƙasa, ta ɗora ta a cinyar uwar, ta ce, "Inna, ga amanata."

Kafin tafiyar ma sai da ta kai ta wajen likitan dabbobi, aka sa mata wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar ƙeya. Wai ko ta ɓata, in an kai ta asibitin dabbobi aka ɗora mata abin karantawa, lamba za ta fito, a nemo mai ita.

Inna Barira ta saurara, ta gyaɗa kai, amma ranta bai kwanta ba.

Wa zai tsinci mage a unguwa ya hau Keke Napep da ita zuwa asibiti? Wa ma zai san akwai abu a jikinta?

Don haka bayan tafiyar yarinyar ta rubuta lambar wayarta a 'yar takarda, ta kai wa wani tsohon baduku a kasuwa. Ta ce ya yi mata abin wuya na mage, ya adana takardar yadda ruwa ba zai taɓa ta ba.

Shi kuwa tsoho, abu ɗaya hannunsa ya saba yi da takarda. Ya ninke ta ƙanana, ya naɗe da jar fata, ya ɗinke gefe huɗu tsaf, ya rataya.

Kin dai gane abin da ya fito.

Ita Inna ba ta ga komai ba sai kyan ɗinki. Har albarka ta sa masa.

To yau ga ƙofa a buɗe.

Ta tayar da sallar, amma Allah Ya yafe mana, zuciyarta na bakin titi. Tana sallamewa ta zura hijabi a baibai, ta fita da silifas wari da wari.

"Mus, mus! Kwalli!"

Ta leƙa kwata. Ta leƙa ƙarƙashin motocin da ke fake. Duk baƙar leda da iska ta motsa sai ta ruga ta duba. Wayarta na damƙe a hannu, tana duba ta kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ai ta sa lamba. Ai duk wanda ya gani zai kira.

Ba wanda ya kira.

Ga shi ba ta san ƙofar da za ta buga ba. Tun da ta tare a unguwar bayan rasuwar mijinta, daga ɗaka sai kasuwa, daga kasuwa sai ɗaka. Ba girman kai ba ne, takaba ce ta wuce ta bar mata son kaɗaici. Ko haihuwar da aka yi a gidan da ke bayan nata, guɗa kawai ta jiyo ta taga. Ta ce gobe za ta shiga barka. Goben ba ta zo ba.

Daga wannan gidan ne ta jiyo hayaniya.

Mata na salati da ƙarfi. Wata na cewa a kira maigidan, wata na cewa a'a, malam za a kira. Sai kuma wani siririn kuka da Inna Barira za ta gane ko a tsakiyar kasuwa.

Ta faɗa gidan, sallamar ma a guje ta yi ta.

A tsakar gida an kife babban kwando, an danne da dutsen niƙa. Ta ramukan kwandon idanu biyu na ƙyalli. Mata sun yi da'ira daga nesa. Mai jego, Sakina, na tsaye a ƙofar ɗaki ta ƙanƙame jaririnta da ko suna ba a raɗa masa ba. Kusa da kwandon kuwa kakar jaririn ce, Gwaggo Tasallah, riƙe da taɓarya.

A ƙarƙashin gadon jariri suka same ta.

Baƙar mage. Ba wanda ya santa. Da jar laya a wuya. A ɗakin mai jego.

Ni ban ce tsoronsu daidai ne ba, ƙawata. Ba mai cutarwa sai da izinin Allah. Amma ki sa kanki a matsayin kakar nan.

Inna Barira ta ce, "Don Allah ku dakata, tawa ce!"

Gaba ɗaya suka juyo. Da'irar ta ƙara buɗewa, wannan karon daga ita ake ja da baya.

Gwaggo Tasallah ta dube ta daga hijabin baibai har silifas wari da wari. "Taki ce? To ke kuma ta wace ce? Daga ina?"

"Nan bayanku nake, gidan bene. Wallahi magen gida ce. Akwai ma shaida a jikinta, likita ya sa mata wani abu a ƙarƙashin fata."

Wata ta dafe ƙirji. "Kun ji ko! Har binne mata abu aka yi a jiki!"

Inna Barira ta zo gyara, ta ƙara ɓatawa. Taɓarya ta ɗan ɗaga sama. Muryar Rumasa'u kawai take ji a kunnenta: ga amanata.

Ta zube a gaban kwandon, ta rufe shi da jikinta.

Gwaggo ta ce, "Baiwar Allah, tsakaninki da Allah, me ke cikin layar nan?"

"Lambar wayata ce, Gwaggo. Don wanda ya tsince ta ya kira ni."

"Don a kira ki?"

"Eh."

"To da kika ɗinke ta ruf, da wane idon za mu karanta?"

Inna Barira ta ƙara rungume kwandon.

Mai jego ce ta sa baki. Ta ce, "Gwaggo, a ba ta reza. In tata ce, ta farke da hannunta mu gani."

Aka miƙo reza daga nesa, a kan murfin kwano. Inna ta ɗaga kwandon kaɗan. Kwalli ta yi wuf ta shige cikin hijabinta, jiki na rawa. Inna ta kwance abin wuyan, ta yi bismillah, ta bi ɗinkin baduku zare bayan zare. Garin sauri har ta ɗan yanki yatsa.

Takarda ta fito. Ba wanda ya yarda ya karɓa, sai ta ɗaga ta sama.

Sakina ta karanto lambobin tana dannawa a wayarta.

Kowa ya kasa kunne.

Sai ga waya na ruri a cikin hijabin baibai, daidai inda magen ta lafe.

Wata ta fara ƙunshe dariya, wata ta kasa. Gwaggo Tasallah ta jingine taɓarya a bango, ta zauna a kan turmi tana sauke numfashi, tana istigfari.

Can ta ce, "Kin ga da na ɗauki alhakin baiwar Allah a banza. Amma ke ma, 'yar nan, kina bayanmu muka haihu, ko fuskarki ba mu sani ba, balle ta magenki. Da kin taɓa shigowa, ai cewa za mu yi ga ta maƙwabciyarmu can ta ɓato, a miƙa mata."

Wannan maganar ta fi rezar yanka.

Ranar suna Inna Barira ce ta fara isa, da sabulu da turmin atamfa. Kwalli kuma yanzu wani ɗan faranti ne a wuyanta, lamba a fili, manyan baƙaƙe, ko daga bakin ƙofa za ki karanta. Na'urar cikin fatar ma tana nan, don ranar da abin wuya zai tsinke. Yaran gidan Gwaggo har leƙowa suke su gaishe ta.

Darasi:

Abin da kika ɓoye a ciki, Allah Ya san shi, amma maƙwabta ba su da abin karanta shi. Niyyarki mai kyau in kin ɗinke ta ruf, tsoro za ta ba mutane. Ki bar alherinki inda ido zai gani, ki shiga ki gaisa tun ba ki da buƙata. Masu mage kuma, ku sa shaida ta ciki, ku sa ta waje, ta wajen a rubuce a fili.

Ku tura wa duk wadda ta daɗe ba ta leƙa maƙwabta ba.

Ke kuma Hansatu, na san kin gane ko wace ce, don kin san mai silifas wari da wari. Ki rufa mata asiri, kada ki faɗa wa kowa. Har yau Rumasa'u ba ta san amanarta ta taɓa shiga ƙarƙashin kwando ba.