Famfon Iska a Bayan Katangata

Shekarar da na tare a Maraɗi, katanga ɗaya ce tsakanin madafata da rumfar aikin maigidana. Sana'arsa haɗa tiyo ce, irin baƙin nan mai kauri da ke kai mai da ƙarfi a jikin tarakta da motocin juye yashi. In ya matse bakin ƙarfe a kan tiyo, ba ya miƙa wa mai shi sai ya gwada.

Abin gwajin wani famfo ne da ya saya na hannu wurin wani Alhaji mai shigo da kaya daga Kwatano. Bai kai turmi girma ba. Ba ya cin kuran, wato wutar lantarki, ba ya shan mai. Iska ce ke tafiyar da shi, daga irin tankin da masu faci ke cika taya. Ranar da ya kawo shi, ya kwance shi a kan tabarma ya kira ni.

"Uwargida, zo ki gani. Wannan faifan mai faɗi iska ke turawa, shi kuma ya tura wannan siririn sandan cikin ruwa. Duk ƙarfin da ya taru a faifan, a ɗan bakin nan yake ƙarewa."

Na ce, "Malam, tuwona zai kama."

Ya yi dariya ya ce, "Bar shi ya kama, ai ni zan ci."

Daga madafa na koyi aikin da kunne. Da farko famfon na bugawa da sauri, caf, caf, caf, tiyo na cika da ruwa. Sai bugun ya riƙa ja da baya, har ya tsaya da kansa ba wanda ya taɓa shi: ƙarfin iska da na ruwa sun zo daidai. In shirun ya daɗe, tiyo lafiya lau yake. In ya sake bugawa sau ɗaya, akwai yoyo, sai in ji Malam ya ja tsaki.

Wata rana wani manomin rani daga Jiratawa ya kawo tsohon tiyon taraktarsa, yana sauri. Ana cikin gwaji tiyon ya fashe, ruwa ya tsallako katanga ya jiƙa mini shanyar kuɓewa. Na fito zan yi faɗa, na tarar da su suna duba ɓarakar.

Malam ya ce, "Ki yi haƙuri. Shi ya sa da ruwa muke gwadawa. Ruwa tofi kawai yake yi. Da iska muka ɗura, da yanzu wani zancen ake."

Washegari manomin ya aiko mini da buhun zogale a bayan kabu-kabu. Tun daga nan muka zama 'yan uwa, har sunan ɗiyarsa na je.

Da aka rufe iyaka, manyan motoci suka rage shigowa. Sai a yi mako famfon bai buga ba. Malam ya fara zama a ƙofar rumfa yana kallon hanya. Da masu haƙar rijiyoyi suka neme shi can arewa, gaba da Agadas, bai iya cewa a'a ba. Ya naɗe famfon a bargonmu, ya ɗaure da igiya. Ni na koma Tsibiri da yara, gidan iyayena.

Damina uku ke nan. Yana kira in ya samu layi, muryarsa na yankewa. Ya ce ƙurar can na cinye zoben robar famfon, shi ke yanka wasu da hannunsa. Na tambaye shi ko yana cin abinci sosai, ya tambaye ni ko autarmu ta fara karatu a lakwal. Ya ce zai dawo bayan girbi, in Allah ya yarda. Bara ma haka ya ce.

Geron bana ya fara fitar da kai. Jiya na sa aka yaɓe ɗakin da ke gefen zaure, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Mahaifiyata ta leƙa, ta dube ni, ta koma wurin tsintar wakenta.