Dattijon Da Ke Sayen Zarto Da Kunne

A rumfar Salisu mai kayan kafintoci, nan bakin titin Tudun Wada, wani dattijo yana tsaye tun ɗazu. Rigarsa wankakkiya ce amma ta koɗe, ga guntun fensir maƙale a bayan kunne. Zarto yake nema.

Salisu ya miƙo sabo, sai ƙyalli yake. "Baba, ga na Ingila. Duba tambarin da kanka."

Dattijon ya kai shi dab da hanci, yana gyaɗa kai kamar mai karatu, alhali a juye yake riƙe da shi. Farar yana ta rufe masa idanu, kuma ba ya so a gane, don wa zai ba kafintan da ba ya gani aiki? Ƙila aikin bencinan wata Islamiyya kaɗai ya rage masa.

Sai ya lanƙwasa ƙarfen, ya ɗalle shi da farce, ya kara a kunne. 

"Ɗana, wannan ba ya kuka, jabu ne. Ka dubi Allah, guda ɗaya zan iya saya. In ya karye, na zauna ke nan."

Salisu ya dubi idanun dattijon, ya gane. Can ya duƙa ƙarƙashin tebur ya zaro wani tsoho na gwanjo, mai ɗan tsatsa.

Dattijon ya ɗalla. Ƙarfen ya ja dogon amo, dattijon kuwa ya rungume shi a ƙirji.

"Tambarinsa ya goge, Baba," in ji Salisu a hankali. "Ni ma ba na iya karanta shi."