Makullin da ke Wuyan Malam Zakka

Duk Asabar, kafin jirgin ƙasa ya gama girgiza rufin cocinmu a Agege, Malam Zakka ya riga ya share aji, ya jera bencina, ya rubuta aya ɗaya a allo da Helenanci, harshen da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi. Sai ya zauna gaban kabad ɗin littattafan sharhi, makulli rataye a wuyansa. Ni shaida ne. Na shiga ajin nan sojoji suna mulki. Sojoji sun koma bariki, ni ina nan inda suka bar ni.

Dokarsa ɗaya ce. Ba ya buɗe kabad sai ɗalibi ya yi kokawa da ayar da kansa, ya miƙe ya faɗi abin da ya fahimta, an yi masa dariyar da za a yi.

Habila, mai dakon nama a mayankar Oko-Oba, ya fi kowa jin haushin dokar nan. Ikkilisiya ta yarda ta tura shi makarantar tauhidi idan ya ci jarrabawar Helenanci ta bana. Idan ya faɗi, gurbin na wani ne, shi kuma ya ci gaba da ɗaukar cinyar saniya a ka.

"Baba, ai manyan masana sun gama aikin," in ji shi. "Ka ba ni in haddace kawai."

"Kai da ke cikin nama, ka taɓa ƙoshi da wanda wani ya tauna maka?"

Habila ya yi fushi ya ƙaurace. Ya dawo, don babu wani kabad irin wannan a Agege. Ranar da ya miƙe ya fassara aya yana zufa, duk muka yi dariya, har da ni da ban gane komai ba. Malam ya ciro littattafai biyu ya buɗe masa. Habila ya duba wannan, ya duba wancan, ya ɗago kai.

"Baba, su ma ba su yarda da juna ba."

"To, raba su faɗa."

Ba abin da zai raba su da shi sai ayar. Ya koma mata. Ya ga ɗaya ya bayyana al'adar mutanen wancan zamanin, ɗaya kuma ya bi kalmar duk inda ta fito. Daga ranar ya daina neman abin haddacewa, ya samu abokan gardama.

Da sakamako ya fito, Habila ya ci. Ya kawo hanta da ƙoda aka gasa a bakin ƙofa. Iyatu mai koko, maƙwabciyarmu, ta rangaɗa guɗa tukuna sannan ta tambayi abin da ya faru.

Malam, kai ne ka nuna mana cewa sharhi na wanda ya riga ya yi zufa ne. Kai ne mai rowar makulli, mai kyautar lokaci. Yanzu da za ka koma Kagoro ka huta, mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Duk mai koyarwa ya yi koyi da kai, ya bari ɗalibi ya wahala kaɗan kafin ya miƙa masa hannu.

Ranar ban kwana, gaban kowa, Malam ya cire makullin ya rataya mini. Na fara share ƙwalla. Ya dafa kafaɗata ya ce a duk ajin ni kaɗai ne ya tabbata baɗi ma ina nan.