Muryar Ƙasa a Gidan Tagwaye

Wanda ya ga yadda ake rububin Marinalva yanzu a bukukuwan garin Maragogipe ba zai yarda ba in aka ce masa har ta shekara goma sha ɗaya ana hana ta waƙa a gidan ubanta. To, an yi haka.

Gidan nasu gidan kiɗa ne tun kaka da kakanni. Babanta Aristides da baffanta Firmino tagwaye ne, masunta, kuma tun suna samari suke rera waƙar gargajiyar da ake kira samba tare: Aristides ya ɗauki muryar sama yana kaɗa 'yar ƙaramar jitarsa, Firmino ya tallafe shi daga ƙasa. Uwarta faranti take gogawa da wuƙa, ta fitar da kiɗan da zai ta da mai zazzaɓi daga kwance. Yayyenta maza uku kowa da bandirinsa. Har karen gidan, in ji maƙwabta, a kan kiɗa yake haushi.

Sai ga Marinalva, wadda ake kira Nalva, da murya kamar ta ɗan dako mai mura. Aikin mata a gidan amshi ne, da siririyar murya can sama, ita kuwa da ta sa baki sai amshin ya nitse.

"Nalva, don Allah ki yi tafi kawai," in ji uwarta. "Tafin ma ai taimako ne."

Yayyenta suka laƙaba mata Kwaɗo. Takan yi dariya tare da su, amma abin yana ci mata rai sosai, don kowa yana da gurbi a waƙar gidan sai ita. Ta koma bin muryar baffanta a ɓoye, tunda ita kaɗai ta dace da maƙogwaronta. A bakin kogi take yi, inda babu mai ji sai ƙaguwa.

Duk watan Satumba Kaka Bernadete takan dafa kuɓewa da manja da busasshen jatan lande saboda waliyyai tagwaye, alkawarin da ta ɗauka ranar da ta sauka lafiya da 'yan biyunta. Yara bakwai su ci da hannu a kwano ɗaya, da la'asar kuma a yi samba a tsakar gida. Dokar ba ta sauyawa: mutum biyu su zauna a benci su rera waƙar har ƙarshe, babu mai motsa ƙafa. Sai sun sauke sannan mace ta shiga fili, Kaka ce kuma ta farko. Waƙar murya ɗaya ba waƙa ba ce a wajenta.

A shekarar da Nalva ta cika sha ɗaya ne Baffa Firmino ya je birnin Salvador aka sa masa haƙoran roba. Ya dawo yana yi wa kowa murmushi, har waɗanda ba sa ga maciji. Ranar biki ya zauna kusa da ɗan'uwansa cikin farar riga, ya buɗe baki zai ɗauki waƙa, sai haƙoran sama suka faɗo cikin bandirin yayan Nalva da ke gefensa.

Aka yi dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Firmino ya ɗauki kayansa ya sa aljihu, ya rufe baki gam.

"Rera hakanan mana," in ji Aristides. "Da can da haƙora kake yi?"

"Da can ina da huɗu nawa na kaina," Firmino ya faɗa ta bayan tafin hannu. "Su ma likitan ya cire."

Aka yi lallashi, ya ƙi. Aka gwada wani maƙwabci, layi biyu ya yi ya ɓace. Aristides ya rera shi kaɗai har ƙarshe, Kaka ba ta ko motsa daga kujera ba. A nan dariya ta ƙare, don shekara arba'in da ɗaya tsohuwar ba ta taɓa fashin wannan rawa ba, ga shi idonta ya ciko.

Aristides ya rufe ido ya sake ɗaukowa, don bai san abin da zai yi ba. Nalva tana bayan mata tana tafinta. Da ya iso inda baffanta ke shiga, ta ji gurbin a buɗe kamar ƙofar da aka manta ba a rufe ba, sai ta shiga. Muryar ta fito daram.

Wuƙar uwarta ta tsaya a kan faranti. Wani yayanta ya raɗa, "Kwaɗo ce fa." Babanta bai buɗe ido ba. Sai ma ya karkata waƙar ya bi ta wata kwana mai wuya da shi da Firmino kaɗai suka sani, ita kuma ta bi shi ba tuntuɓe har suka sauke tare.

Wani dattijo a bakin ƙofa ya gyara murya. "Mace dai ba ta yin wannan waƙar."

"Murya biyu na yi wa waliyyai alkawari," in ji Kaka. "Ban ce masu gemu biyu ba."

Ta cire silifa, ta tattaro siket, ta shiga fili.

Da taro ya watse Nalva ta raɓe tana jiran faɗa, ko yabo, duk wanda ya zo. Babanta yana goge jitarsa, bai ɗago ba.

"A layi na uku kin yi gaggawa," ya ce. "Gobe kafin mu fita kogi ki zo mu gyara."

Ita kuwa daɗi ya lulluɓe ta, don a gidan nan ba a yi wa kowa gyara sai mawaƙi.