Guntayen Wayoyi a Ƙarƙashin Sitiyari

Ban yarda da masu gyaran wayar mota ba, shi ya sa na sa wa motata sikiriti, na'urar hana sata, da hannuna. Wanda ya san inda ya ɗaura waya ai ya san inda zai kwance ta. A lokacin an sace motar wani a ƙofar majami'a ana cikin ɗaurin aure, rana tsaka, kowa a Kafanchan ya shiga neman abin da zai tsare tasa. Ni kuwa shekaruna na aiki duk a wayoyin sigina na jirgin ƙasa na ƙare su, narka dalma ba baƙon abu ba ne gare ni.

Motar a hannun yayan matata na saye ta. Dattijo ne a ikilisiyarmu, yakan kawo motoci daga kudu jefi-jefi, ya kuma yi mini sauƙin da har matata ta yi ta godiya kamar kyauta aka ba mu.

Ranar Asabar da safe, da aka kawo wuta, na jawo doguwar waya daga ɗaki zuwa gindin mangwaro, na jona ƙarfen narka dalma. Na cire kan batir tukuna. Takardar da ta zo cikin kwalin sikiritin ba ta da wani amfani, zanen ne kawai na bi: jar waya zuwa wutar batir ta bayan fis, baƙa a jikin ƙarfen mota, ruwan ɗorawa zuwa makunni, sai na jiniya da na ƙofa. Babban aikin shi ne wayar sitata, wadda ake yankewa a ratsa ta cikin ɗan akwatin, yadda in ba a danna rimot ba motar ba za ta tashi ba.

Na kwance murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, na kwanta rigingine, ƙafafuna a waje. Ina lalube da ɗan yatsa sai na tarar an riga ni. Wayar sitatar a yanke take, an murɗe bakin biyu da hannu kawai, ba dalma, ba ko tef. A gefenta guntayen wayoyi shida suna lilo, duk an datse su da filaya a tashi ɗaya, jan ƙarfensu ko dushewa bai yi ba. Akwatin da suka fito daga ciki babu shi, sai robar da ta ɗaure shi.

Na daɗe a kwance ina kallonsu. Mai mota in sikiritinsa ya lalace, zare filogi yake yi, ko ya sa a cire masa a tsanake a rufe bakin wayoyin. Wannan aikin mai sauri ne, wanda yake yi yana waiwaye. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗaya ƙarshen, inda aka haɗa wayoyin tun farko. Dalmar ta kwanta sumul, ba tudu, ba ƙuna, kowane haɗi an sa masa rigar roba. Na yi shekaru ina koya wa mutane irin wannan haɗin, kaɗan ne suka iya. Wani mutum ne ya kwanta a nan yadda na kwanta, ya ɓata yininsa, don yana tsoron abin da nake tsoro.

Sai abubuwa suka fara dawo mini. Makulli ɗaya aka ba ni, shi ma yankan kasuwa. Ramin makullin ƙofar direba ya fi na sauran ƙofofin sheƙi. A da ban ɗauki waɗannan a bakin komai ba.

Matata ta kawo mini kunu, ta tambaya ko aikin ya gagara ne. Na ce zafi ne. Ban san yadda ake ce wa mace yayanta, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar ubansu, wataƙila ya sayar mana da kayan sata ba. Haushi ya kama ni, na rasa ma wa nake jin haushin. Na warware murɗaɗɗiyar wayar, na fere bakin, na haɗa da nawa akwatin, na narka dalma. Haɗin bai kai na mutumin kyau ba. Guntayen nasa kuwa na naɗe su da tef na tura can ciki. Na mayar da kan batir, na danna rimot, jiniya ta amsa, kajin maƙwabta suka watse.

Washegari bayan sujada surukin nawa ya zo wajen motar, ya karɓi rimot ya danna, ya yaba, ya ce zai turo mini masu sayen motocinsa. Na bari mutane suka ragu, sannan na tambaye shi, kamar da wasa, ko motar tana da sikiriti a da.

“Me ka gani?” ya ce.

Da ya ce bai sani ba, da na samu abin riƙewa. Na ce ba komai, tsofaffin wayoyi ne. Ya yi ɗan murmushi, ya dafa kafaɗata.

“Suruki, mota da ya yi yawo haka yake. Takardan ka daidai ne. Ka bar binciken nan.”

Har yau ban san ko gargaɗi ne ko lallashi ba. Mai yiwuwa shi ma saya ya yi bai duba ba. Mai yiwuwa ya duba.

Da yamma na ɗauko takardun da tabarau, na buɗe bonet don in gwada lambar jikin motar da ta takarda. Lambobin farko-farkon duk sun yi daidai. Na ƙarshen baƙin mai da ƙasa sun rufe su, na ɗauko tsumma. Sai ga matata a bakin ƙofa da tiren citta, ta tambaye ni me nake nema. Na dube ta, na dubi tsumman, na ce ruwan lagireto nake dubawa. Na rufe bonet.

Ban sake buɗe wannan maganar ba, lambar ma ban goge ta ba. Sikiritin yana aiki lafiya, ba wanda ya taɓa motar. Amma in na faka a kasuwar Kwoi na dawo na tarar wani baƙo ya tsaya yana ƙare mata kallo, ba ɓarawo ne yake zuwa raina ba. Rage tafiya nake yi, ina jira ya juyo ya ce mini tasa ce.